Yadda 5N ta koma 5K: nazarin matsalar bugun Mos a wata tashar rediyo a Gombe

Lamarin da za a yi nazari a kansa ya faru ne a wata ƙaramar tashar rediyon 'yan sha'awa da ke cikin garin Gombe, a tsakiyar hunturu, kuma ya shafi wani malamin koyar da aikin lantarki wanda saura ƙiris ya ɗaure na'urarsa ta aikawa da karɓar saƙo a kwali ya tura ta Kano gyara, alhali babu abin da ya lalace a cikinta. Ƙorafinsa shi ne tun da ya ajiye maɓallin tangarahu irin na da ya koma ga kiyar da ke cikin na'urar, wato sashen da ke auna tsawon sautukan haruffan Mos da kansa (haruffan da ake aikawa da gajeru da dogayen sauti), bugunsa ya daina fita daidai. Wani lokaci na'urar ta yi ta zubo dogayen sauti ba tsayawa, wani lokaci ta ƙara masa abin da bai buga ba, wani lokaci kuma ta maƙale a tsakiyar kalma. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne tashoshin Turai da ke amsa kiransa suna maimaita lambar kiransa da 5K a farko maimakon 5N. A rabon lambobin kira na ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, 5N da 5O na Najeriya ne, 5J da 5K kuwa na Kolombiya ne, can Kudancin Amurka.

Tashar ba wata babba ba ce. Na'ura ce ta gajeren zango mai ƙarfin wat 100, irin waɗanda aka ƙera don bolt 13.8, tana shan wuta daga batirin solar gidan. Eriyar waya ce mai reshe biyu, tsawonta gaba ɗaya kimanin mita 10, daidai da zangon mita 20, an ɗaure gefe ɗaya a bishiyar dogon yaro, ɗayan a bututun ƙarfe da ke jikin katanga, tsakiyarta kuma ba ta yi nisa da rufin kwano ba. Mai karatu zai iya tambaya me ya kai mutum wahalar Mos a wannan zamani, tunda jiragen ruwa sun daina dogaro da shi wajen neman agaji tun 1 ga Fabrairun 1999, kuma taron rediyo na duniya da aka yi a Janiba a 2003 ya cire shi daga sharuɗɗan dole na lasisin gajeren zango ya bar wa kowace ƙasa zaɓi. Amsar tana cikin lissafi. Murya tana cin faɗin kusan haz 2,400 a cikin zangon rediyo, Mos kuwa bai wuce haz 150 ba a saurin da aka saba, don haka mai sauraro yana iya ƙuntata matatar na'urarsa zuwa haz 500 ko ƙasa ya zubar da yawancin hayaniya. Ga mai lallaɓa batir wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin wat 20 na Mos sau da yawa kan isa inda wat 100 na murya ke kasawa.

Malamin ya koyi Mos ne a hannun wani dattijo maƙwabcinsa wanda ya yi aikin tangarahu a gidan waya tun yana saurayi, kuma a kan maɓalli irin na da ya koya, wanda ake dannawa ƙasa a saki, mai bugu ne ke auna kowane sauti da wuyan hannunsa. Da ya kai wajen kalma 12 a minti sai ya ga hannun yana gajiya kafin a gama hira ɗaya, shi ne ya sayi maɓalli mai fiffike biyu, wanda ake turawa gefe da babban yatsa da manuniya. Kafin ya haɗa shi da na'urar, ya harhaɗa 'yar kiyar gwaji a kan allon Arduino, wata 'yar kwamfuta ta masu harhaɗa kayan lantarki, da wata manhaja da ya samo a intanet, ya yi watanni yana atisaye da ita da dare har hannunsa ya faɗa. Wannan 'yar kiya ba wanda ya kawo ta a lissafi da farko, alhali rabin amsar a cikinta take.

Haruffan Mos na ƙasa da ƙasa an gina su ne a kan awo ɗaya, wato tsawon gajeren sauti. Dogon sauti awo uku ne, shirun da ke tsakanin sautukan harafi ɗaya awo ɗaya, tsakanin harafi da harafi awo uku, tsakanin kalma da kalma awo bakwai. Ana auna sauri da kalmar PARIS, domin sautukanta da shirunta idan aka haɗa awo 50 ne cif, kuma daga nan aka samo lissafin raba 1,200 da yawan kalmomi a minti don a sami tsawon gajere a milisakan. A kalma 12 gajere milisakan 100 ne, a kalma 20 milisakan 60, a kalma 25 kuwa 48 kacal. Tun 1905 maɓallin Vibroplex na Horace Martin ya ɗauke wa ma'aikatan tangarahu wahalar buga gajeru da wani ƙarfe mai lilo ya bar musu dogaye, kiyar lantarki kuma ta zo ta ɗauke duka biyun. Idan aka tura fiffiken babban yatsa sai ta jero gajeru, idan aka tura na manuniya ta jero dogaye, idan kuma aka matse su tare sai ta riƙa musanyawa tana farawa da wanda aka riga taɓawa, ta yadda harafi irin C ko K zai fita da motsi ɗaya. Amma shirun da ke tsakanin haruffa, da kuma lokacin da za a saki fiffike, suna nan a wuyan mai bugu.

Matsalar zubowar dogaye ba ta ɗauki lokaci ba. Ramin maɓalli da ke bayan irin waɗannan na'urori mai hanya uku ne: tsinin fulogi na gajere, zoben tsakiya na dogo, gindin kuma na gama-gari. Tsohon maɓallin malamin fulogi mai hanya biyu gare shi, ba shi da zobe, saboda haka da zarar an cusa shi gindinsa yana haɗe hanyar dogo da ta gama-gari. Muddin kiya tana kashe ba a ganin komai, amma ranar da ya kunna ta a saiti bai zare tsohon fulogin ba, sai na'urar ta ɗauka an danne fiffiken dogo ne ba a saki ba. Littattafan na'urori suna gargaɗi a kan wannan, sai dai ba kasafai mutanenmu ke buɗe littafi ba sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da ya sa fulogi mai hanya uku abin ya wuce, amma tun daga ranar ya shafa wa kiyar baƙin fenti, duk abin da ya biyo baya ita yake ɗora wa.

Da aka kira ni in duba, shawarar da na bayar ita ce kada a kwance ko sukuru ɗaya sai an raba abubuwa uku da suka cakuɗe, wato hannu da kiya, sashen aikawa, da kuma eriya. Hanyar yin haka tana nan a fuskar na'urar. Idan aka kashe abin da aka rubuta wa BK-IN, kiya za ta ci gaba da aiki, mai bugu zai ji sautinsa a lasifika, amma babu abin da zai fita zuwa eriya, don haka duk kuskuren da aka ji a wannan hali daga hannu yake, ko maɓalli, ko saiti. Mataki na biyu shi ne a kunna aikawa amma a cire eriya a sa lodin gwaji mai om 50, wanda ke shanye ƙarfin ya mayar da shi zafi, na uku kuma a mayar da eriyar. Muka ajiye waya kusa da lasifika tana naɗa, malamin ya buga kiran CQ, wato kiran duk mai saurare, da lambarsa a kalma 25 kamar yadda ya saba, sannan muka buɗe sautin a kwamfuta da manhajar Audacity, inda ake ganin kowane sauti a shimfiɗe da tsawonsa.

Tun a mataki na farko, ba tare da an aika komai ba, 5K ta bayyana. Ga gajeru biyar na lamba 5 a jere tsaf, ga shiru, ga dogo da gajere na N, sannan ga wani dogon manne da su, tsakaninsa da gajeren awo ɗaya ba ragi ba ƙari, abin da ke nuna kiyar ce ta haife shi bisa ƙa'idarta, domin ɓarin hannu ba ya zuwa da irin wannan daidaito. Dogo, gajere, dogo kuwa shi ne K. Da muka bi sauran haruffan sai muka ga abin yana da tsari: K ɗin ƙarshen kira tana zama C, A tana zama R, C kuma tana fita da sauti biyar, amma haruffan da ba a matse musu fiffike biyu, irin su S da O da lamba 5, lafiya lau suke fita. Dattijon, wanda ke zaune gefe yana saurare idonsa a lumshe, ko kallon kwamfutar bai yi ba ya ce, “Malam, makara kake yi wajen saki.” Malamin ya ce, “Baba, ai haka nake saki a ta gwajin, kuma ba ta taɓa yi mini haka ba.” Dukansu gaskiya suka faɗa.

Kiyoyin matsi iri biyu ne, ana kiransu tsarin A da tsarin B, kuma a wuri ɗaya tak suka rabu, wato abin da kiya za ta yi idan aka saki fiffike biyun bayan an matse su. A tsarin A, wanda ya samo asali daga aisi, wato ƙwayar lantarki, da John Curtis ya fitar a Amurka a 1973, kiya tana ƙarasa sautin da take kai ta yi shiru. A tsarin B, wanda ya yaɗu ta hanyar Accu-Keyer ta James Garrett da QST, mujallar masu rediyon sha'awa, ta buga zanenta a Agustan 1973, kiya tana ƙarasa sautin da take kai sannan ta ƙara guda ɗaya kishiyarsa. Tsarin B kamar yaron shago ne mai zafin nama, wanda in ya ga hannun maigida bai sauka ba bayan mudu na biyu sai ya zuba na uku. Wanda ya saba da A, idan zai buga N, yana riƙe fiffike biyun har ya ji gajeren ya fara sannan ya saki. Wanda ya saba da B kuwa yana saki tun dogon bai ƙare ba, ya bar kiya ta kawo gajeren da kanta. To idan hannun A ya hau kiyar B, wannan sakin da yake yi a cikin gajere shi ne umarnin a ƙara dogo. Da muka duba manhajar 'yar kiyar gwaji sai ga ta a tsarin A, na'urar kuma tana kan B. Ranar da manuniyarsa ta riga babban yatsa ɗagawa N takan fita daidai, shi ya sa aibin ke zuwa yana tafiya har ya yi kama da lalacewar kayan ciki.

Sauri ya ƙara dagula lamarin. Malamin ya sa kiyar a kalma 25 ne don ya ji tashoshin Italiya da Jamus suna gudu a haka, yana ganin abin kunya ne ya amsa musu a hankali. A wannan sauri, tazarar da ke tsakanin sakin da ya dace da wanda ya makara ba ta wuce awo ɗaya ko biyu ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke nan, kuma wannan ba abu ne da ake gyarawa da tunani ba sai da sabo. Da aka sauke zuwa kalma 15, inda gajere ke kai milisakan 80, yana iya kama kansa ya saki da wuri idan ya natsu, amma da zarar hankalinsa ya koma kan abin da zai faɗa sai hannun ya koma gidan jiya. A nan ra'ayi ya rabu. Dattijon yana ganin a bar na'urar yadda take malamin ya sake horar da hannunsa, hujjarsa kuwa na'urori da yawa tsari ɗaya kawai suke da shi, kuma wanda ya je baƙunta tashar wani ba zai ce a sauya masa saiti ba. Hujja ce mai ƙarfi. Ni dai a ganina watannin da aka kashe ana gina sabo sun fi ƙarfin a zubar da su saboda abin da dannawa ɗaya ke gyarawa, kuma babu wanda ke ɗaya gefen da zai gane da A aka buga masa ko da B muddin haruffan sun fita daidai. Na'urar malamin tana da zaɓin duka biyun, irin abin da wasu na'urorin kamfanin Yaesu ke rubutawa ELEKEY-A da ELEKEY-B a jerin saitinsu, saboda haka aka mayar da ita A, nan take kuma N ta koma N. Wanda na'urarsa ba ta da wannan zaɓi, ko dai ya kashe kiyar ciki ya jona tasa ta waje a matsayin maɓalli irin na da, ko ya daina matsi gaba ɗaya ya riƙa taɓa fiffike ɗaya bayan ɗaya.

Da babban aibin ya kau sai wani ƙarami ya fito fili: jefi-jefi lamba 5 tana fita da gajeru huɗu ta zama H. Ƙurar hunturu tana shiga ko ta tagar da aka rufe, ta kwanta a kan kwantak ɗin fiffike, wato ƙarafan da ke haɗuwa idan an taɓa shi, wutar da ke bi ta wurin kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta iya ratsa datti. Dattijon ya yago 'yar farar takarda daga littafin rubutu, ya sa ta tsakanin ƙarafan biyu, ya matse fiffiken a hankali ya ja ta waje, sai ga jan layi a jikinta. Ya hana a kawo samfefa, domin tana kankare rufin azurfa ko zinariya da ake yi wa bakin kwantak, daga nan tsatsa ta sami ƙofa. Da kaurin wannan takardar ya daidaita ratar kowane fiffike, aka kuma shimfiɗa wa maɓallin guntun tsohon tif na keke don ya daina yawo a kan tebur.

A mataki na biyu, da lodin gwaji, komai ya tafi daidai har wat 100, abin da ya wanke sashen aikawa daga zargi. Da aka mayar da eriya ne wata matsalar ta dawo: a wat 20 lafiya, a wajen wat 40 kiya ta fara jefo sautin da ba a nema ba, da aka haura sama kuwa sai ta kama dogaye ta ƙi saki har sai an rage ƙarfi. Aibin da ke zuwa idan an ƙara ƙarfi, ya tafi idan an rage, kuma ba ya zuwa sai da eriya, alama ce ta cewa igiyar rediyon da aka aika tana dawowa cikin ɗaki tana shiga na'urar ta bayan gida. A nan hanyarta ita ce wayar maɓalli. Malamin ya yi amfani da ragowar wayar lasifika marar rigar kariya, kuma don kada ya yanke ta sai ya bar ta da tsawonta, kusan mita 5, a zube a bayan tebur. Rubu'in tsawon igiya a megahaz 14 kuwa mita 5 ne da 'yan kai, ma'ana ya ƙera wa kansa eriya ta biyu ba da saninsa ba, ya jona ta kai tsaye da kiya, wadda bolt kaɗan ya isa ya sa ta ɗauka an taɓa fiffike.

Sai tambayar ta ina igiyar ke shigowa ɗakin. Eriya mai reshe biyu tana son wutar da ke shiga rassanta ta zama daidai wa daida, kebul ɗin kowaks da ke kai wuta daga na'ura zuwa eriya kuwa ba haka aka gina shi ba, don haka idan aka haɗa su kai tsaye ba abin tarewa, wani kaso na wutar yana gangarowa ta bayan rigar kebul ɗin har jikin na'urar. Kusancin reshe ɗaya da rufin kwano ya ƙara karkatar da ma'aunin. Sandar ƙarfen da malamin ya kafa a ƙasa bayan taga don ta zubar da irin wannan wuta ba ta taimaka sosai ba, domin a wannan lokaci ƙasar wurin busasshen yashi ce, wayar da ta kai ga sandar ita ma doguwa ce. Mitar SWR, mai nuna ko eriya ta dace da na'ura, tana nuna lafiya, kuma wannan ya daɗe yana ruɗarsa, amma ita ba wannan wutar take aunawa ba. Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. An sauya wayar maɓalli da mai rigar kariya wadda ba ta wuce mita ɗaya ba, rigar tana kan gindin fulogi, aka zagaya ta sau uku a cikin zoben farait mai tare igiyar rediyo da aka ciro daga tsohuwar wayar kwamfuta a wurin masu gyara a kasuwa, aka liƙa ƙananan kafasita biyu na nanofarad 10 a ƙarƙashin maɓallin, ɗaya daga hanyar gajere zuwa gama-gari, ɗaya daga ta dogo. Sannan aka sauke eriyar, aka naɗa kebul ɗin kimanin zagaye goma a babban zoben farait daf da inda ya haɗu da rassan, aka ɗaga tsakiyarta da gora ta yi nesa da kwanon. Gajarta waya kaɗai ta sa ana iya bugu har wajen wat 80, amma sai da aka sa zoben sama kiyar ta tsaya daram a wat 100, kuma a ganina shi ne gyaran asali tunda shi ya tare abin daga tushe.

Sauran saitin ba su da wata gardama. Na'urar tana da hanya biyu ta komawa sauraro: cikakkiya, wadda masu Mos ke kira QSK, inda take buɗe kunne tsakanin kowane sauti, da kuma rabi, inda take ɗan jira bayan sauti na ƙarshe. QSK tana da daɗi ga gwani domin yana ji idan an katse shi, amma ƙarar rile, wato makunnin da ke sauya aikawa da sauraro, da hayaniyar da ke kutsowa tsakanin sautuka suna rikita mai koyo, don haka aka zaɓi rabi. A kalma 15 shirun tsakanin haruffa milisakan 240 ne, na tsakanin kalmomi 560, sai aka sa jinkirin a wajen 400, yadda na'urar ba za ta faɗo tsakanin haruffa ba amma za ta saurara tsakanin kalmomi. Tsawon dogo an bar shi a ninki uku na gajere, sautin lasifika kuma a haz 600, tare da tuna wa malamin ya daidaita sautin tashar da yake ji da nasa kafin ya amsa, domin in ya kauce da haz 300, mai matatar haz 500 ba lalle ya ji shi ba.

Abin da ya rage shi ne wanda babu saitin da ke gyara shi. Da dattijon ya sa malamin ya buga masa sunan gari kamar yadda ake yi bayan QTH, alamar da ke nufin wurin da mutum yake, sai ya rubuta GOM6 a takarda ya miƙa masa bai ce uffan ba. B dogo ne da gajeru uku, E gajere ɗaya, kuma idan ba a bar shirun awo uku a tsakaninsu ba sai su haɗe su zama dogo da gajeru huɗu, wato lamba 6. Haka A da N ke haɗewa su zama P. Wannan cuta ce ta masu sabuwar kiya, domin da yake sautukan suna fita sumul sai mutum ya ɗauka bugunsa ya yi kyau, ya riƙa cinye tazara bai sani ba. Maganin da aka bi shi ne a adana kiran CQ a ma'ajiyar kiyar, wadda ke buga shi da cikakkiyar tazara, malamin ya saurara sannan ya maimaita da hannu, a naɗi duka biyun a gwada tsawonsu a kwamfuta. Idan su biyun suna atisaye da Hausa kuwa, b da d da k da y suke bugawa a gurbin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, tunda waɗannan ba su da nasu sautin a Mos na ƙasa da ƙasa, ma'anar zance ce ke raba gardama.

Hujjar ƙarshe daga waje aka samo ta. Akwai tsarin da ake kira Reverse Beacon Network, tarin tashoshin sauraro ne na masu sa kai a ƙasashe daban-daban, yawancinsu suna amfani da manhajar CW Skimmer ta Alex Shovkoplyas na Kanada, suna karanta kiran CQ da suka ji su sa lambar mai kiran a intanet tare da ƙarfin sautin da saurinsa. Manhaja ba ta da kara, in harafi ya gurɓata ba ta cike gurbi da zato yadda ɗan Adam ke yi. Kafin gyaran malamin ya sha neman lambarsa a wurin bai gani ba, har ya ɗauka eriyarsa ce ba ta kaiwa. Bayan gyaran, da ya yi kira da la'asar kusa da kilohaz 14,055, wurin da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, ta nuna wa masu bugu a hankali a yankinta na ɗaya da ya ƙunshi Afirka da Turai, lambar ta fito a tashoshin sauraro na Turai da 5N ɗinta, ko da ya rage ƙarfi zuwa wat 20.

Yanzu tashar tana aiki a tsarin A, kalma 18 a minti, kuma malamin ya daina jin nauyin aika QRS, wato roƙon a rage sauri, ga wanda ya yi masa gudu. Abu biyu ne ba a rufe ba. Idan batir ya yi ƙasa bayan isha'i, na'urar da ke jan kusan amfiya 20 a wat 100 tana sa wutar ta faɗi a kan kowane dogo har sautin ya riƙa rawa, don haka da dare ba ya wuce wat 50 har sai an ƙara batir ko an sauya wayar wuta da mai kauri. Sannan duk gwajin dawowar igiya an yi shi ne a kan busasshiyar ƙasa kuma a zangon mita 20 kaɗai. Idan damina ta sauka, ko ya ɗaura eriyar mita 40 da yake shiri, wadda tsawonta zai kai mita 20 kuma dole ta ratsa ta saman kwanon, sai an sake bin matakan nan uku daga farko.